Ƙaramin Dutsen da Hamish Ya Raina

Hamish Mulqueen saurayi ne da duk mutumin garin Kununurra zai ba ka shaidar kirkinsa. Yana da ƙwazo, hannunsa a sake yake. Idan motarka ta mutu a hanyar Wyndham, shi ne zai bar abin da yake yi ya je ya janyo ka. Lokacin da mahaƙar lu'ulu'u ke aiki, shi ke tuƙa manyan motocin kwasar dutse. Da aka rufe ta, sai ya koma gyaran injinan ban ruwa a gonakin mangwaro. Amma yana da ciwo guda da ya ci ƙarfinsa, ba ya iya jure a ce na wani ya fi nasa girma. Motarsa dole ta fi ta kowa tsayi. Jirgin kamun kifinsa kuwa, sai da ya ƙara wa rumfar gidansa tsawo kafin ya shiga. Ko kifi suka je kamu, idan na abokinsa ya ɗara nasa, ranar ba mai jin muryarsa.

Ni sunana Glenys. Ina da ɗan shagon kayan ado a cikin gari, kuma a kan duba duwatsu na tsufa. Yaran garin Anti suke ce mini, da yawansu ni na yi wa iyayensu zoben aure. Abin da zan ba ku labari, yawancinsa a gabana ya faru, sauran kuwa daga bakin masu abin na ji.

Yarinyar da Hamish yake so sunanta Tahlia, ungozoma ce a asibiti. Ita kaɗai iyayenta suka haifa. Mahaifiyarta, Noelene, ƙawata ce, ta rasu shekarun baya. Mahaifinta, Baba Lindsay, tsohon makaniken mahaƙa ne, ciwon suga ya cinye masa ido, sai dai ya gane mutum ta murya. Tahlia ce idonsa, ita ce komai nasa.

Ranar da Hamish ya je neman izinin aurenta, tsohon bai ja masa rai ba. Ya lalubi hanya zuwa ɗaki, ya fito da wani ɗan akwati ya sa masa a tafin hannu.

"Wannan na uwarta ne," in ji shi. "Tun farkon buɗe mahaƙa na saya mata, sai da na daɗe ina matse cikina kafin na iya. Ba ta taɓa cire shi ba sai ranar da aka kwantar da ita a asibiti. Ta ce in Tahlia ta samu miji, da shi za a ɗaura. Ka kai wa Glenys ta ɗan buɗa shi, yatsan Tahlia ya fi na uwarta kauri."

Hamish ya yi godiya har da ƙwalla. Da zuciya ɗaya ya karɓa, wannan kam ba na shakka.

Matsalar ta faro ne a bakin kogin Ord, ranar wata Asabar da ya fita kamun kifi da abokansa. Suna gasa abin da suka kama, farin ciki ya hana shi riƙe bakinsa, ya ciro akwatin ya buɗe musu. Zoben zinariya ne siriri, a tsakiyarsa ɗan dutse ruwan hoda, bai wuce ƙwayar dawa ba.

Akwai wani Kelvin a cikinsu, tsohon abokin aikinsa, mai bakin tsiya. Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya nesanta, ya sake matso da shi.

"Mutumina, ina dutsen? Ko ya faɗi a mota?"

Aka kwashe da dariya.

"Ku aro mini tabarau," Kelvin ya ci gaba. "Kai da motarka sai an taka tsani ake shiga, wannan za ka ba yarinya? Na matata idan ta ɗaga hannu a kasuwa, har mutane na kare ido."

"Na uwarta ne fa," in ji Hamish.

"To ai shi ke nan, ka huta. Aure kyauta!"

Wasa Kelvin yake yi, kafin su tashi ya manta da maganar. Hamish ne bai manta ba.

Ranar Litinin da safe ya shigo shagona, fuska ba walwala. Ya ajiye akwatin a kan tebur. Ina buɗewa na gane zoben, don ni nake goge wa Noelene shi a yatsanta duk shekara. Sai da na ɗan juya baya na goge idona.

"Anti, lu'ulu'u mai karat biyu nawa ne?"

"Ina kwana dai tukuna. Me za ka yi da karat biyu?"

"Tahlia ta fi ƙarfin wannan ɗan mitsitsin."

Na ja masa kujera na ce ya zauna. Na tambaye shi abin da ya tara, ya faɗa mini. Ba laifi ga mai gyaran inji, amma ko kusa bai kai abin da yake hange ba. Na ɗauko faranti na zuba masa duwatsu biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, na kai su bakin taga.

"Wanne ya fi ɗaukar ido?"

Ya daɗe yana kallo kafin ya nuna ƙaramin, ba da son ransa ba.

"Ka ga ni ko? Karat nauyi ne kawai, ɗana, ba kyau ba ne. Wannan ƙaramin an yanka shi daidai, haske na shiga ya dawo maka a ido. Babban kuwa an baje shi ne don ya yi faɗi, haske na shiga ya zube ta ƙasa, shi ya sa ka gan shi kamar fasasshiyar kwalba. Komai za ka iya yin rangwame a kansa, ban da yanka."

Na nuna masa yadda masu gwaji ke ba launi haruffa, daga D, wanda ya fi kowanne fari, har zuwa waɗanda suka ja rawaya. Na ce idan a kan jar zinariya za a ɗora, ya sauko zuwa G ko H, ba mai ganewa sai irina. Na ba shi gilashin da nake duba dutse da shi, ya ga ƴan ɗigo-ɗigon da ke ciki.

"Kusan kowane dutse da tabonsa. Idan ido bai gani sai da gilashi, me ya dame ka? Ba da gilashi Tahlia za ta riƙa yawo ba. Kuma in ka ɗauki wanda ya gaza karat ɗaya da kaɗan, kuɗin zai sauka sosai, girman kuwa kusan ɗaya. Sai abu na ƙarshe, kada ka sayi dutsen da ba shi da takardar masu gwaji, waɗanda ba su da alaƙa da mai sayarwa."

Yana ta gyaɗa kai, amma na san jikinsa ne kawai a wurin.

"Ni ga shawarata," na ce. "Ka bar na Noelene a tsakiya. Da abin da ka tara zan sa masa fararen duwatsu biyu masu kyau, dama da hagu. Zai fito ya yi kyau, kuma za ka rage na hidimar biki."

"Har yanzu dai ƙarami ne."

"Hamish, ka san abin da ke hannunka kuwa? A farin dutse rashin launi ake nema, a wannan kuwa launin shi ne darajar. Dubi yadda ruwan hodarsa ya kama. Mahaƙar da ke fitar da irinsa an rufe ta. Ko ka sayar da motarka da jirginka, da wuya ka samu kamarsa."

Nan take ya ɗago kai, idonsa ya canza.

"Kenan zai iya sayen karat biyu?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"Anti, musanya kawai. Ki karɓe shi, in cika miki da abin da na tara, ki ba ni babba."

"Amana aka ba ka, ba jari ba. Ni hannuna ba zai shiga wannan ba. Ka bar shi in buɗa shi kamar yadda Baba Lindsay ya ce."

Ya yi ƴar dariya, ya ce wasa yake yi, zai je ya yi tunani. Ya mayar da akwatin aljihu ya fita.

Ba a jima ba aiki ya kai shi birnin Perth sayen kayan inji. Abin da ya faru a can, daga baya shi da bakinsa ya faɗa mini. Ya shiga shaguna masu mutunci, duk suka faɗa masa abin da na faɗa masa. Daga ƙarshe wani ya haɗa shi da wani dillali mai ɗan ofis a saman bene. Mutumin ya duba ɗan dutsen sau ɗaya, ya taɓe baki, ya ce ba laifi, zai taimaka masa. Ya ciro wani ƙaton farin dutse ya riƙe a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi. Hamish ya tambayi takarda.

"Takarda za ka sa wa amarya a yatsa ko dutse? Idonka bai gani ba ne? Masu takarda ai kuɗin takardar suke caje ka."

Maganar ta yi wa Hamish daɗi, don ita yake son ji. Ya miƙa zoben Noelene, ya cika da duk abin da ya tara. A jirgin sama yana dawowa ya riƙa lallashin zuciyarsa. Ya ce ai gyara ya yi, ya mayar da ƙarami babba. Ya ce Tahlia tana gani za ta manta da wancan. Baba Lindsay kuwa, ai ba ya gani.

A bakin tafki ya nemi aurenta, da yamma, a gindin wata kuka. Ta ce ta yarda tun kafin ya gama magana. Da ya buɗe akwatin sai ta yi turus.

"Kai! Wannan fa? Ina na Mama?"

A nan ne Allah ya ba shi damar faɗin gaskiya, bai ɗauka ba.

"Yana wajen Anti Glenys, tana gyara shi. Shi za a sa ranar ɗaurin aure. Wannan nawa ne, daga ni zuwa gare ki."

"Hamish, ka haukace? Ina ka samu kuɗin wannan?"

"Ke dai ki sa."

Ta sa, ta rungume shi tana dariya tana kuka.

Ranar Lahadi aka taru a bayan gidan Baba Lindsay don taya su murna. Ana gasa nama da kifi, yara na guje-guje a ƙarƙashin mangwaro, ni ma ina zaune a inuwa da farantina. Na hango zoben daga nesa, na ga ba wanda na sani ba ne, amma na ce wataƙila ya sayi wani ne ya ajiye na Noelene. Kelvin ya kama hannun Tahlia ya yi fito.

"Na janye maganata, mutumina. Wannan ai sai a ɗaure jirgi da shi!"

Hamish ya washe baki. Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki kamar wannan lokacin ba.

Sai Baba Lindsay ya yi kira daga kujerarsa.

"Tahlia, zo nan. Kawo hannunki in gaisa da uwarki."

Ta je ta durƙusa a gabansa. Kafin ta buɗe baki ta yi masa bayani, ya riga ya kama hannun. Yana murmushi ya kai babban yatsansa kan zoben. Ya shafa. Ya sake shafawa. Murmushin ya ɓace a hankali.

"Wannan ba na Noelene ba ne."

"Baba, na Mama yana wajen gyara," in ji Tahlia. "Ko ba haka ba, Hamish?"

"Haka ne, Baba," Hamish ya amsa da sauri. "Yana wajen Anti Glenys."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji muryata ɗazu.

"Glenys, yaushe za ki gama? Ina so in taɓa shi a hannunta tun ina da rai."

Kowa ya zuba mini ido. Hamish ma ya kalle ni, kallon roƙo. Na so yaron nan kamar ɗan cikina. Amma mijin ƙawata ne yake tambayata, makaho, a gaban ƴarsa.

"Lindsay, ba ya wurina," na ce. "Ba a bar mini shi ba."

Tahlia ta miƙe tsaye a hankali.

"Hamish, ina zoben uwata?"

Da ƙyar maganar ta fito, guntu-guntu, Perth, dillali, musanya. Ya ce don ita ya yi, ya ce wannan ya fi wancan. Mutane suka fara tattara yaransu suna zamewa. Kelvin ne ya fara fita, kansa a ƙasa.

Baba Lindsay bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, da ka faɗa mini ya yi maka ƙanƙanta, ai da na riƙe abina." Daga nan ya nemi a kai shi ɗaki.

Washegari Tahlia ta shigo shagona, Hamish na biye da ita kamar wanda aka kamo. Ta cire zoben ta ajiye.

"Anti, ki faɗa mini abin da aka musanya uwata da shi."

Na sa gilashi na juya dutsen. Ban daɗe ba na ga wata walƙiya ruwan shuɗi da ruwan goro na wulgawa a cikinsa. Na san wannan alamar. Lu'ulu'u ne kam, amma a tsattsage yake, an cike tsagar da narkakken gilashi don ido ya kasa gani. Ga shi ya ja rawaya, ga yankan a baje. Na ce musu irin wannan ko zafin wutar gyara ba ya jurewa, kuma abin da Hamish ya cika da shi kaɗai ya isa ya saye shi har a yi canji. Ɗan dutsen Noelene a banza ya tafi.

Hamish ya dafe tebur da hannu biyu. Tahlia ba ta kalle shi ba.

A ranar ya hau jirgin sama ya koma Perth. Dillalin ya karɓe shi da fara'a, ya ce ciniki ya riga ya faɗa, ba wanda ya tilasta wa wani. Dutsen kuwa tuni wani mai saye daga ƙasar waje ya ɗauka, zinariyar an narkar. Hamish ya yi roƙo, ya yi barazana, ya je wajen lauya. Aka ce za a iya bin mutumin a kan ha'incin farin dutsen, amma wancan ɗan ruwan hodar ba mai iya dawo masa da shi. Ya dawo gida ya sayar da jirgin kamun kifinsa, ya sayar da motar, ya kawo mini kuɗin ya ce in nemo masa ko a ina yake. Na buga waya duk inda na san mutane. Ba wanda ya gan shi.

"To ki samo mini irinsa, Anti. Mai kama da shi."

"Ka bai wa wa? Mutumin da ya gane shi da yatsa?"

Ya tattara kuɗinsa ya fita.

Daga ranar taron nan Baba Lindsay bai ƙara zama a bayan gida ba. Dama jikin ba ƙwari, sai ya rage cin abinci, ya rage magana. Ba zan ce zoben ne ya kashe shi ba, ciwonsa ya daɗe. Amma na san tsohon da ke jiran bikin ƴarsa, na kuma ga wanda ya daina jiran komai. Hamish ya riƙa zuwa yana yanke masa ciyawa, yana gyara famfo, ba tare da an sa shi ba. Wata rana tsohon ya ji motsinsa ya kira shi ta taga, ya ce ya yafe masa, ya daina wahalar da kansa. Hamish ya ce mini da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Da damina ta kankama, Baba Lindsay ya rasu. Aka binne shi kusa da Noelene, ruwa na zuba. Hamish na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar, don Tahlia ba ta hana shi ba.

Bayan an watse ya same ta a bakin maƙabarta. Ina tsaye kusa, riƙe da lema.

"Tahlia, ki ba ni dama. Zan ƙare rayuwata ina gyara abin da na ɓata."

Ta kalle shi. Ba fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Da zoben ƙarfe ka kawo mini, da na sa ina alfahari. Da ma ɓatar da na Mama ka yi a kogi, da mun yi kuka tare mun haƙura. Amma ka kalli idona ka yi mini ƙarya. Ka tsaya gaban ubana, don ka san ba ya gani, ka yi masa ƙarya. Duk don Kelvin ya yi fito. Har yanzu ina son ka, Hamish, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Amma duk lokacin da ka faɗa mini magana, sai na tambayi kaina. Ba zan iya zaman aure a haka ba."

Ta sa masa farin zoben a hannu, ta shiga mota.

Kafin rani ya zagayo ta sayar da gidan, ta nemi canjin aiki zuwa garin Broome. Na ji labarin ta yi aure a can, ta haihu, ta sa wa yarinyar sunan uwarta.

Hamish yana nan garin, yana gyaran injinansa, a wata tsohuwar ƙaramar mota. Bai yi aure ba. Ba ya zuwa kogi. Duk farkon wata sai wayar shagona ta yi ƙara, in ɗauka in ji muryarsa.

"Anti, ko an fitar da wani ɗan ruwan hoda a gwanjo?"

"An fitar, ɗana, na duba. Ba shi ba ne."

"To. Na gode, Anti. Sai wani watan."

Mai karatu, darasin da ke cikin labarin Hamish a fili yake. Girman abu ba shi ne darajarsa ba, ko a dutse ko a mutum. Idan za ka sayi abu mai tsada, ka tsaya inda ƙarfinka ya tsaya, ka saurari wanda ya faɗa maka gaskiya ko da ba ta yi maka daɗi ba, ka guji wanda ya faɗa maka abin da kake son ji. Kada dariyar abokai ta sa ka taɓa amanar da aka damƙa maka, domin su za su manta kafin rana ta faɗi, kai ne za ka kwana da abin har tsufanka. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗe shi tun da wuri da bakinka. Asarar dukiya ana iya jure ta tare, amma wanda ya yarda da kai, idan ka yi masa ƙarya, ko ya yafe maka ba lallai ne ya iya komawa yadda yake da kai ba.